Ƙafar Keke, Gida Mai Mutum Talatin da Shida

Duk wanda ya taɓa raka babba kasuwar Badagishiri sayen jaki ya san inda idon mai saye ke fara sauka. Durƙusawa yake yi ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, ya matsa gwiwa, ya sa a ja dabbar ta yi taku goma yana kallonta ta baya. Akumari da sheƙin gashi sai an gama da ƙafafu. Amma mutumin nan, ran da ya shigo Ƙonni sayen keke, sai ka same shi yana shafa fenti, yana kaɗa ƙararrawa, yana tambayar giya nawa gare shi. Ƙafafun kuwa, in ya yi ƙoƙari ƙwarai, ya danna taya da babban yatsa ya ji ko da iska.

Ba wani nake zunɗe ba, ni ma haka na yi. Keken gwanjo na saya, irin waɗanda ake saukewa daga jirgin ruwa a bakin teku a hauro da su, ja wur, mara nauyi, da yatsa biyu kake ɗaga shi. Wayoyin ƙafar baya 24 ne kacal, na kuwa ɗauki hakan a kan gayu. Wata uku muna zaman lafiya, don daga gida sai wurin aiki. Ran nan na ɗauko rabin buhun gero daga wani ƙauye a bayan Tsarnawa, ina gangarowa kan burji, sai na ji tas! kamar an karya tsinke. Ban yi taku ɗari ba na sake jin wani. Kafin in kai kwalta ƙafar ta koma kamar faifan da ya kwana cikin ruwa, kowane juyi sai ta shafi birki. Turo shi na yi har gari, gero a kan sirdi, ni a ƙasa.

Akwai wani dattijo mai gyaran keke da ke zama gindin dogon yaro, kayan aikinsa duka ba su cika akwati guda ba. Na ce, "Baba, waya biyu suka karye, a sa mini wasu."

Bai ko dubi karyayyun ba. Ya kifa keken, ya shiga taɓa sauran da farce ɗaya-ɗaya, kunne a karkace, kamar mace na ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta biya. Wata ta ce tin, wata ta ce tan, wata kuwa ɓus, babu amo ko kaɗan. Sannan ya ɗago ya ce, "Waɗanda sunka karye sun huta, ɗana. Ina zancen waɗanga da ka shirin bin su?"

Daga ranar na fara kallon ƙafar keke a matsayin gidan gandu.

Abin da akasari ba mu lura da shi ba shi ne, wayar keke ba tokara take yi ba. Tsaikon rufin rumbu, in ka leƙa shi ta ƙasa, kamarsa ɗaya da ƙafar keke: sanduna sun taso daga da'ira sun haɗu a tsakiya. Amma su sandunan turawa suke yi, suna tokare da nauyin ciyawa. Waya kuwa, zare ɗaya ka tsai da ita ƙasa ka danna da tafin hannu, nan take za ta lanƙwashe. Ƙarfinta duka a ja yake, kamar igiyoyin kalangu. Kowace tana jan gargaren, wato rim ko janti, ya danganta da bakin da ka ji, zuwa cibiya, ta ɗaya ɓarin kuma ƴar'uwarta na ja, sai cibiya ta tsaya cak a tsakiya ba mai rinjaye. A ƙafar da aka ɗaure da kyau, jan da ke kan waya guda yakan kai kusan kilo 100. Buhu biyu ke nan na simintin Malbaza rataye a jikin abin da kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, kuma tun kafin kowa ya hau.

To in an hau fa? Nan abin mamakin yake. Wayoyin da suka zo daidai ƙasa ba ƙarin ja suke samu ba, sassauci suke samu, don gargaren yakan ɗan lotsa a wurin da ya taɓa ƙasa. Da ƙafa ta juya sai su koma yadda suke. Wayar da ke a ɗaure tamau, ko an rage mata kaɗan tana nan a miƙe. Wadda dama sako-sako take, ita ce kan saki gaba ɗaya, ta motsa a raminta, ta sake ɗamewa. Ƙafa mai inci 28 tana juyi kusan 450 a kowace kilomita. Tafiyar kilomita 30 ke nan ta haura juyi dubu 13. Yaron da ke ƙera motar waya ba ya neman almakashi: lanƙwasa ta yake yi gaba da baya har ta gaji ta rabu. Haka hanya ke yi wa sakakkiyar waya, kuma kusan kullum a wuri ɗaya take cin ta, a ƴar gwiwar nan da ta maƙale a cibiya.

A gidan gandu, inda uba da ƙanne da ƴaƴa ke noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, kowa ya san ba ƙaton gidan kaɗai ke cika rumbu ba. In mutum guda ya riƙa zamewa, kunyar da ya bari (ta gona nake nufi, ɗayar dama ba shi da ita) na kusa da shi ne ke haɗawa da tasa. Keke dai ya fi gida adalci ta wani fanni, don a nan sau da yawa ragon ne ke fara karyewa. Sai dai karyewarsa ba ta tsaya kansa. Gargaren ya karkata wajen masu ja ta ɗaya ɓarin, maƙwabtan gurbin su shiga aikin da ba nasu ba, wani ɗan noti ya fara warwarewa. Shi ya sa wanda ya sa waya ɗaya yau zai dawo jibi, kuma zai rantse wayoyin zamani ne ba su da kyau.

Yawan mutanen gidan ma abin dubawa ne. Gida mai mutum 36, in ɗaya ya kwanta ciwo, da wuya a gani a gona. Haka ƙafa mai waya 36: ta rasa ɗaya, ta ɗan yi rawa, amma za ta kai ka gida. Mai 24 ko 20 kuwa tsakanin waya da waya da nisa, rashin guda ya isa ya zaunar da kai a bakin hanya. Irin waɗannan an yi su ne don masu tsere, kamar na gasar zagayen Burkina Faso da ake yi tun 1987, inda mota ke biye da mutum ɗauke da wasu ƙafafun. Dokin sukuwa ne, ni kuwa na ɗora masa mangala. Turawan Ingila da suka ƙera tsohon Raleigh na Nottingham, wanda daga baya aka riƙa harhaɗa irinsa a Kano, sun san wannan lissafi sarai: sukan sa 32 a gaba, 40 a baya, don ƙafar baya ce ke ɗauke da galibin nauyi ko da ba a ɗora komai a kariya ba. Uwar gida ma ta san wanda ya wuni a gona, malmalarsa daban take.

A dubi kuma yadda wayoyin suka fito daga cibiya. Na kirki ba sa miƙewa sak kamar hasken rana a zanen ƴan makaranta, a karkace suke fita, kowace ta gitta ƴan'uwanta uku kafin ta kai gargare. Wani maƙerin Coventry, James Starley, shi ya fito da wannan saƙa a 1874, kuma har yau ba a sami abin da ya kore ta ba a keken ɗaukar kaya, don ita ke isar da ƙarfin feda daga cibiya zuwa taya ba tare da ta murɗe wayoyin ba.

Hanyoyinmu kuwa ba sa yafiya. Babbar kwaltar da ta taso daga Yamai ta ratsa Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi ta nufi Madawa da Maraɗi, a ido ita ce mafi sauƙi. Amma mai keke ba shi da rabo a tsakiyarta. Manyan motocin siminti da na albasa in sun taho, gefe kake yi ba shiri, kuma sauka daga leɓen kwalta da kaya a baya duka ne kamar na guduma. In ka karkata arewa daga Tsarnawa ta hanyar Tawa, ka bar kwalta wajen Badagishiri ko ƙauyukan Illela, ƙasar Adar ce, dutse da tsakuwa da faƙo. Ka gangara kwarin Magiya ko gonakin noman rani na Ƙonni, waɗanda ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, sai yashi da rani, laka da damina. Mutum ɗaya na iya taka duka ukun kafin azahar. Ga kaya: jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ne cif, ban da mai tuƙi. Buhun albasar Galmi mai hula kuwa ya haura haka.

Saboda wannan ne mutane da yawa ke neman a sa musu wayoyi masu kauri, har wasu na cewa a sa na babur. Ban ce babu hikima ba. Waya mai milimita 2.3 ta fi mai 2 jimiri a gwiwa, kuma kekunan Buffalo da ƙungiyar World Bicycle Relief ke rabawa a karkarar gabashi da kudancin Afirka, waɗanda aka yi kariyarsu don kilo 100, da wayoyi masu kauri suke zuwa. Amma can komai tare aka auna shi. A ɗauko ƙatuwar waya a faɗaɗa ramin siririn gargare a cusa, kamar ɗinke tsohuwar atamfa ne da zaren buhu: zaren ba zai tsinke ba, zanen ne zai yage. In an ɗaure ta yadda take so, ramin ya tsage; in an bar ta yadda gargaren zai iya ɗauka, ta zama rago mai ƙiba. Na fi yarda da waya madaidaiciya 36 a hannun wanda ya iya ɗauri. In da hali a nemi wadda ba ta tsatsa, ana gane ta da maganaɗisu, don da ƙyar yake kama ta, saɓanin ta baƙin ƙarfe da yake cafkewa. Ƴan notin kuma su zama na tagulla, su ne ba sa cijewa bayan damina biyu.

Gargaren kansa iri biyu ne a kasuwa, kuma kowanne da halinsa. Na ƙarfe, irin na Phoenix da Hero da sauran manyan kekuna masu birkin sanda, nauyi gare shi amma yana karɓar haƙuri. Ya lotsa, a ɗora shi kan kututture a buga, ya koma aiki. Aibinsa biyu: tsatsa na cin shi ta ciki inda ido ba ya gani, kuma in ya jiƙe birki sai ya yi kamar bai san shi ba. Wanda ya taɓa gangarowa daga tudu cikin yayyafi ya san addu'ar da ake yi. Na alminiyon kuma kada a yi masa kuɗin goro. Akwai mai bango ɗaya, wanda ba shi da wani abin yabo, akwai mai bango biyu, wanda cikinsa rami ne kamar gora. In an cire taya aka ga kan notin ya nutse cikin rami na biyu, shi ne. Wannan ya fi na ƙarfe tsayuwa a kan da'irarsa, ga sauƙin nauyi, ga kama birki ko da ruwa. Sai dai yashin da ke maƙalewa a robar birki yana goge gefensa a hankali, kuma in ya tsage ba gyara, sai dai masu narka tukwane su amfana. Mai sayen na gwanjo ya shafa gefen da yatsa: in ya ji ya yi kwari kamar tsohon dutsen niƙa, kwanansa ya kusa ƙarewa, kome sheƙinsa.

Akwai wani tarko da ya fi duk waɗannan kama mutane, shi ne awo. Kowa ya san tiyar wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba, alhali duka tiya ake ce musu. To haka "28" da "26" suke a bakin masu keke. Inci 28 na babban keke, faɗin gargarensa milimita 635 ne. Inci 28 na kekunan Turai na zamani 622 ne. Inci 26 na keken hawan dutse 559 ne, na ƴar Japan kuwa galibi 590. Tayar wannan ba ta hawa wancan ko za a kwana ana dannawa da sifana. Lambar gaskiya tana nan rubuce a gefen taya, kamar 40-635 ko 37-590, ta ƙarshen ita ce abin riƙewa. Kuma wannan ba zancen ƴan boko ba ne. Kayan keke da yawa a nan ta Illelar Najeriya suke shigowa, daga Sakkwato da Kano. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai a Yulin 2023, mai keken da kowa ke da irinsa bai rasa taya ba, ko tsohuwa ce. Mai baƙon awo kuwa sai jingine keke a zaure. Ƙafar da babu tayarta a kasuwar ƙauye, kome ƙarfinta, tukunya ce da ba a sayar da murfinta.

Cibiya ba ta buƙatar dogon bayani. A kama ƙafa a girgiza ta gefe da gefe: in ta yi ƙwas-ƙwas, akwai wasa. A juya ta a saki: in ta yi gurnani, ƙura ta shiga. Ƙurar hunturu in ta haɗu da giris, niƙa take yi. Irin cibiyar da ake kwancewa, mai ƙwayoyin boris tara-tara a baya, goma-goma a gaba, ita na fi so, don kowane mai gyara zai wanke ta da kananzir ya zuba sababbi. Sau ɗaya bayan hunturu, sau ɗaya bayan damina, ya wadatar.

Taya kuwa takalmi ce, kuma ba mai shiga gonar tsidau da silifas ɗin wanka. Mai faɗi ta fi: tana hawa kan yashi maimakon ta yanka shi, tana kuma shanye dukan dutse kafin ya kai ga gargare. Tun da John Boyd Dunlop ya sa wa keken ɗansa tayar iska a Belfast, ƙaya ta sami abin yi, kuma a ƙasar aduwa da bagaruwa ba za ta yi ritaya ba. Masu dabara sukan yanke bakin tsohuwar taya su shimfiɗa ta cikin sabuwa. Nauyi yana ƙaruwa, faci yana raguwa. Amma ba kowace huda ce ta ƙaya ba. In mai faci ya nuna maka ƴan ramuka biyu jere kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan, gargare ya cije tiyub a kan dutse. In ramin ta ciki yake, kan waya ne ya soke, robar da ke rufe su ta zame ko babu ita sam. Shi kuwa bawul, irin na mota ya fi kwanciyar hankali, don duk inda ake ba babur iska za a ba ka. Siririn nan na kekunan tsere sai ka yi yawo da famfonka.

Tsakanin mai zirga-zirgar kullum da mai doguwar tafiya, bambancin ba a ƙafar yake ba sosai, a guzuri yake. Ɗan makaranta ko ma'aikacin da ke kai da komowa cikin Malbaza, in abu ya faru mai gyara na kusa. Wanda ya nufi Tawa daga Ƙonni, tafiyar da ta haura kilomita 100, ya ɗaure wayoyi uku ko huɗu a jikin firam, daidai tsawon nasa, don na gaba da na baya ba lallai su zo ɗaya ba. Ya riƙe ɗan makullin ɗauri, sholisho da faci. Ya kuma sani cewa wayar baya ta ɓarin sarƙa ba ta shiga sai an cire firiwil, ita ce kuwa ta fi son karyewa inda babu kowa. A keke mai giya da yawa ma wayoyin wannan ɓarin sun fi na hagu ɗauri, haka ƙirarsa take, saboda haka in ana sauraron amo, a gwada na dama da na dama, na hagu da na hagu.

Dattijon nan bai sa mini waya biyu ba. Ya ce kuɗina ne, in na matsa zai sa, amma kada in gaishe shi ran da na dawo. Muka shiga kasuwa tare ya zaɓo gargare mai bango biyu da cibiya mai rami 36, ya zauna ya saƙa da kansa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin gaggawarsa. Ba ya ɗaure waya ɗaya ya gama da ita. Rabin juyi yake ba kowace, ya zagaya, ya sake zagayowa, kamar mai rabon nama a gidan biki yana tsoron a ce ya yi son kai. Can sai ya kama wayoyi bibbiyu ya matse da dukan ƙarfinsa, ya kwantar da ƙafar ƙasa ya danna gefenta, ta yi ƴan ƙananan ƙara, ya mayar ya sake dubawa da babban yatsa a jikin firam.

Da ya gama na miƙa kuɗi, ya karɓi rabi ya tura mini sauran.

"Sabuwar igiya ba ta ƙin miƙewa, Malam. Ka hau shi kwana goma sha biyar, ka ɗora mai kaya, ka maido in ƙara bi. Sa'annan ka cika min."

Na ce, "To Baba, tsohuwar ƙafar fa?"

Ya nuna bayansa da haɓa. Jikansa har ya zare wayoyin ya ɗaure su da roba, wai gobe zai kai wa mai ɗinkin buhunan albasa ya fiƙe su su zama basilla. Gargaren kuwa tuni wani ƙanensa ya yi kwana da shi wajen masallaci, yana kora shi da kara.